Baba na shan sigari, ko ƙwayoyin antioksidan za su wanke masa jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min da bayani. Mahaifina yana da ciwon suga da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan sigari, mun yi mun yi ya bari abin ya faskara. To kwanan nan nake ta cin karo da talla a Facebook na wasu ƙwayoyi wai antioksidan, suna cewa suna wanke gubar jiki, suna hana tsufa da kansa, har wai wanda ya lazimce su zai iya ajiye maganin asibiti. Shi ne nake so in saya masa amma zuciyata ta kasa natsuwa. Meye gaskiyar abin?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki saya. Amsata a taƙaice ita ce kar ki saya, musamman tunda yana shan sigari, kuma dan girman Allah kar ya ajiye maganin suga ko na hawan jini saboda wata talla. Amma bari in faɗa miki dalili.

Ki yanka tuffa ki ajiye, kafin ki gama wani ɗan aiki ki dawo za ki ga wurin yankan ya yi duhu-duhu, in kuwa kika matsa lemon tsami a kai sai ya daɗe da haskensa. Oksijin ne ya taɓa shi, bitamin C da tsamin lemon suka tare, irin waɗannan sinadarai masu tare ɓarnar oksijin su ake kira antioksidan. Irin wannan na faruwa a jikinmu kullum, domin duk lokacin da ƙwayoyin halittarmu suka ƙona abinci da oksijin don samar da ƙarfi, a wani ɗan sashe da ake kira mitokondiriya, akwai 'yan burbushi da ke kuɓucewa, su ake ce wa firi radikal. Ba su da natsuwa ko kaɗan, duk abin da suka tarar sai sun fizge masa wani ɗan ƙanƙanin ɓangare da ake kira elektiron, kitsen bangon ƙwayar halitta ne, furotin ne, ko ma DNA. Idan suka yi yawa har suka rinjayi kariyar jiki, wannan rinjayen shi ne abin da masanin nan na Jamus Helmut Sies ya fayyace a 1985, kuma ana ganin hannunsa a toshewar jijiyoyin jini, da lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ga mai suga, da wasu nau'o'in kansa. Sugan da ya hau ya zauna a jini yana ƙara yawansu, hayaƙin sigari kuwa ba a magana, kowace zuƙa cike take da su.

Abin da masu talla ba za su faɗa miki ba shi ne jiki ba a sake yake ba, yana ƙera nasa masu gadin da kansa, irin su gulutatayon da katales da wani sinadari SOD da aka gano aikinsa a 1969, su ne ke ɗauke mafi yawan aikin. Sannan su firi radikal ɗin nan ba duka ne sharri ba, da su fararen ƙwayoyin jini ke kashe ƙwayoyin cuta, kuma ɗan tashin da suke yi lokacin motsa jiki shi ke zaburar da jiki ya ƙara ƙarfin kariyarsa. Kin ga kenan ba a son a share su kakaf, daidaito ake nema.

To ina aka samo zancen ƙwayoyin? Masu bincike sun lura cewa mutanen da ke yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da wasu kansoshi ba, sai aka yi zaton in an ciro sinadarin antioksidan ɗin da ke cikinsu aka dunƙule shi a ƙwaya ai an huta. Aka gwada, kuma gaskiya sakamakon ya girgiza likitoci. A Finlan an bi maza masu shan sigari sama da 29,000, da rahoton ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, wato antioksidan ɗin da ke ba karas launinsa, miligiram 20 a rana, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka wani gwajin mai suna CARET, na masu shan sigari da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, dole aka dakatar da shi a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, don kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 ga waɗanda aka ba beta-karotin da bitamin A. Sai kuma SELECT, maza sama da 35,000, a 2011 aka bayyana cewa masu shan bitamin E sun fi samun kansar furostet, wani ɗan sashe da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da kashi 17. Wannan shi ya sa da na ga kin ambaci sigari hankalina ya tashi, Baba yana cikin sahun mutanen da irin wannan ƙwayar ta fi yi wa illa.

Ba wai babu inda ƙwayoyin suke amfani ba. Akwai wani ciwon ido na tsufa da ke cin tsakiyar gani, wanda aka nuna a 2001 cewa haɗin wasu bitamin da zink na rage saurin taɓarɓarewarsa da kusan kashi 25, haka wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin wani bitamin ana ba shi. Amma likita ne ke yanke wannan bayan ya duba mutum, kuma ko a wancan haɗin na ido daga baya an cire beta-karotin saboda masu shan sigari.

Abinci kuwa daban ne. Lemo ɗaya ba bitamin C kaɗai ke cikinsa ba, akwai harza da fotasiyam da ɗaruruwan sinadarai 'yan kaɗan-kaɗan da ke aiki tare, har ma bitamin C ne ke farfaɗo da bitamin E bayan ya gama tare nasa harin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, wajen kaso biyar kenan. A riƙa sassauya launi, ganye kore, karas, tumatir, wake, gyaɗa. Kar a tafasa ganye ya yi ligif a zubar da ruwan, bitamin C na bin ruwa kuma zafi na lalata shi, shi kuwa tumatir jan sinadarinsa ya fi shiga jiki in an dafa shi da ɗan mai. Tunda Baba na da suga, ya ci ɗan itacen da kansa daidai misali, ban da matse shi a yi jus.

Maganar sigarin kuma kar ku gaji 'yar uwa, ba da faɗa ba, da lallashi. Babu ƙwaya ko abincin da zai goge abin da hayaƙin ke yi, amma ranar da ya bari jiki ke soma gyara, cikin shekara ɗaya zuwa biyu haɗarin bugun zuciya na raguwa sosai. Akwai magunguna da facin nikotin da ake mannawa a fata da ke taimaka wa mai son bari, ku tambayi likitansa a zuwa na gaba. In kuma akwai wani ƙarin bitamin da yake sha yanzu ku tafi da kwalbar a duba, don bitamin E mai yawa na iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.