Tambaya da Amsa: Tsohuwar Suzuki jif ɗin Baba, a tashe ta ko a kira 'yan jari bola?

Saƙonnin wannan makon sun taru ne a kan ƙananan tsofaffin jif, musamman Suzuki ɗin nan da ake gani jefi-jefi a garejin Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya ƙura ta rufe su. Mun ɗan rage tsawon wasu tambayoyin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Tudun Wada, sana'ata walda, ina yin ƙofofi da windo da get. Akwai wata ƙaramar Suzuki jif ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, an rubuta SJ413 a jikinta, ta daɗe a fake a bayan gida, ƙasan bodin ya ruɓe har kana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba, amma inji yana tashi in an tura. So nake in tashe ta da hannuna saboda zuwa gonarmu ta wajen Giwa da damina, in yi mata bamba mai kauri da kejin ƙarfe na kare mutum in mota ta kife, da fayif ɗin ruwa da nake da shi a shago. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya kyauta makwanci. Kar ka bari 'yan jari bola su ji labarinta ma, motar nan ta cancanci wahalar da za ka sha. Suzuki ta fito da SJ410 a 1981 da inji lita 1.0, sai irin taka SJ413 ta biyo baya a 1984 da inji 1.3 da giya biyar, ita ce aka kai Amurka da sunan Samurai, a Indiya kuma kamfanin Maruti ya yi ta haɗa 'yar'uwarta Gypsy tun 1985 har sama da shekara talatin, shi ya sa har gobe kayan gyaranta ba su ɓace a duniya ba. Duk nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma rashin nauyin nan shi ne ƙarfinta, inda babbar jif za ta nutse a taɓo ita sai ta bi ta sama ta wuce abinta. Duk ƙarfen da za ka ɗora mata daga yau ka riƙa tuna wannan.

Ramin da kake hango ƙasa ta cikinsa shi ya fi tsorata mutane amma wallahi shi ne ƙaramin aikin. Motar nan shasinta daban bodinta daban, noti ne kawai ya haɗa su, don haka shasi za ka fara dubawa kafin ka kashe ko sisi a kan fenti ko kujera. Ka cire batir, ka sauke tankin mai ka kai shi nesa da inda za ka yi wuta, ka kwance ƙofofi da kujeru da wayoyi, ka samu majiya ƙarfi ku ɗage bodin ku ajiye gefe. Sai ka wanke shasin tas ka bi shi da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa, ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi rau, wanda tsatsa ta cinye ta ciki sai ka ji bup, wani wajen ma gudumar za ta shige. Ka fi sa ido a inda sifirin ya kama, da mazaunin shokozoba, da ƙarafan da suka gitta tsakanin dogayen biyu, da kewayen akwatin sitiyari don nan tsagewa yake yi. Ka sa tef ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ka sake auna ɗaya ɓangaren, in awon biyu bai zo ɗaya ba toh motar ta taɓa cin karo ta karkace, sai an miƙar da ita kafin a yi maganar faci.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau tunda kai mai walda ne. Get in ka kafa shi a tsaye yake har ya tsufa, shi kuwa shasi kowane rami ya shiga murɗawa yake yana saki, waldar da za ta riƙe ƙofa shekara ashirin tana iya ɓallewa a hanyar gona cikin wata ɗaya. Kar ka ɗora faci a kan tsatsa, ka yanke ruɓaɓɓen har sai ka iske farin ƙarfe, ka sa filat mai kauri daidai da na asali wato wajen mili 3, ka gurza bakinsu da garainda ya yi kwari don wutar ta shiga ciki sosai. In za ka ƙara filat na ƙarfafawa a kai ka yanka shi da tsini gaba da baya, kar ya zama murabba'i, saboda layin walda da ya miƙe sak daga sama zuwa ƙasa a jikin shasi nan ne tsagewa take farawa. Ka riƙa yi kaɗan-kaɗan kana canza ɓangare yana hucewa da kansa, al'adar nan tamu ta watsa ruwa a kan walda don sauri ka bar ta a wajen ƙofofi. Ilektirod 6013 geji 12 da kuka saba da shi zai yi ƙananan maƙalai, amma wajen da sifirin zai kama na fi son 7018 da injin inbata, kuma shi 7018 ba ya shiri da danshi, a watan Agusta in ka bar shi a buɗe a shago ya tashi aiki. Ranar da Nepa ta kawo wuta mara ƙarfi kuma ka haƙura kawai ko ka nemi janareta babba, waldar da ta kwanta a sama ba ta narke ciki ba ido ba ya gane ta sai ta ba ka kunya.

Shi ƙasan bodi ƙarfensa siriri ne wajen mili 1, injinka na waldar lantarki (ak) huda shi zai yi ta yi kana toshewa yana ɓulewa. Ka yanka kwali daidai ramin, ka ɗora a filat mai mili 1 ko 1.2 ka fitar, ka lanƙwasa masa 'yan layuka don ya yi tauri, ɗinkin kuma ka kira fanel bita mai gas ya yi maka ko ka je inda ake da injin walda na MIG, ba faɗuwa ba ce. Na ga masu shimfiɗa filat mai ƙyalli ɗin nan na bayan tirela tun daga gaba har baya wai don ya daɗe, sai mota ta koma ba ta iya hawa gadar Kwangila sai da giya biyu. In ka gama ka shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje, ka bar ƙofofin fitar ruwa a buɗe.

Akwai abubuwan da ko da wasa ba a yi musu walda: sandar sitiyari da tayarod, ganyen sifirin, sandar aksul. In sun tsage a canza su, sabo ko Beljiyam. Kuma kuɗin bamban nan ka fara zuba shi a birki, tiyo da fayif da masta duka, motar da ta yi shekaru a tsaye robobinta sun gama mutuwa ko da feda tana tauri.

Fayif ɗin ruwa kuma a'a. An yi shi ne ya ɗauki ruwa, yana da ɗinki a tsawonsa, in mota ta kife a kansa yana iya darewa ko ya karye ya zama mashi a cikin mota, ga shi farin nan mai galbanaiz hayaƙinsa in ka shaƙa wajen walda zazzaɓi yake sawa. Keji na gaske da fayif mara ɗinki ake yi mai faɗin mili 38 zuwa 45 da kaurin mili 2.5 zuwa 3, a lanƙwasa da injin lanƙwasa ba tare da an gasa shi ko an tsaga an ɗinke ba, ƙafafunsa kuma su sauka a kan filat da ya haɗu da shasi. Ka leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tambaya. In bai samu ba gara babu kejin, don na bogi sa mutum yake ya saki jiki. Bamba kuwa yi shi da filat mili 3 a lanƙwashe, ka ɗaure da noti, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka ba tare da nishi ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Samaru, ina da Samurai, ina ganin a bidiyo Turawa suna mayar da sifirin saman aksul mota ta tashi sosai su sa taya inci 31 ko 33. Mai walda ya ce zai yi min a kwana biyu. In ba shi?

AMSA: Kar ka ba shi, ɗan'uwa. Aikin da kake gani ɗin nan yana ɗaga mota wajen inci 5, kuma su waɗancan ba a nan suke tsayawa ba, sai sun sake tsarin sitiyari, sun ƙara tsawon tiyon birki da shokozoba, sun gyara kwanciyar farfela, sun faɗaɗa tsakanin tayoyi, wasunsu ma a tirela suke ɗauko motar zuwa daji. Wanda ya ce kwana biyu mazaunin sifirin kawai zai yanke ya liƙa a sama, gyaran gangar Abzinawa kenan. Ka tuna tsakanin tayar gaba da ta baya a motarka mita 2 ne da ɗan ɗoriya, gajera ce kuma siririya, ko yadda kamfani ya fito da ita sai da mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce a 1988 tana saurin kifewa in an karya sitiyari da gudu, kasuwarta ta faɗi a can, aka yi ta shari'a tsakaninsu da Suzuki. Ko ma waye mai gaskiya a cikinsu, kai da za ka ƙara mata tsawo ka hau titin Sakkwato kana kauce wa 'yan acaba da keke Napep kai ne za ka ji a jikinka.

Sannan lissafin taya. Ta asali tsawonta inci 26 zuwa 27 ne, in ka sa 31 ka ƙara wajen kashi 15 cikin ɗari ko fiye, inji kuma dokinsa 60 ne da 'yan kai, sai ka ga giya biyar ta zama ado, kuloci yana ƙauri, birki ya yi sanyi, mai yana tafiya, sandunan aksul ɗin gaba suna karyewa. Ka sa 215/75R15 mai manyan haƙora, tana shiga ba sai an yanka komai ba. In sifirin ɗinka ya kwanta saboda tsufa ka canza shi da bushin ɗinsa, wannan kaɗai zai dawo maka da tsawon da ka rasa. Hanyar Shika ko Bomo da damina ba ta buƙatar abin da ya wuce haka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe injin tawa SJ410 ya gaji yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Bakanike ya ce mu sa na Golf ko na Toyota. Daga wani manomi a hanyar Soba.

AMSA: Alhaji, kowanne zai shiga in an matsa, amma ni zan fara tambayar nawa ne a sake ringi da metal a gyara kan silinda, don injin nan F10A mai sauƙin kai ne kuma kafireta gare shi, duk bakaniken ƙauye zai iya taɓa shi. In lallai sai an canza toh a zauna cikin dangi, 1.3 na SJ413 tare da giyabos ɗinsa shi ne mafi ƙarancin yanke-yanke. Masu 1.3 su kuma 1.6 na Vitara suke komawa, shi ma sai an yi filat na haɗa shi da giyabos, kuma wannan filat ɗin aikin mai injin feƙe ƙarfe (tona) ne, in aka huda shi da ido a gida ya kauce ko da kaɗan kuloci da berin za su yi ta mutuwa ba a san dalili ba. Inji mai nauyi da ƙarfi fiye da haka gaban motar zai danne ya riƙa cin aksul. Ko wanne kuka sa a wanke lagireto ko a sa babba saboda zafin Maris da Afrilu, a karɓi rasit ɗin injin, a je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardu kafin ku haɗu da 'yan VIO.

TAMBAYA: Maigidana in ya sa giyar ogzilari mai jan tayoyi huɗu da damina ba ya cirewa har cikin gari, sai motar ta riƙa ƙugi a kwana. Kuma tankin mai yana ɗiga ya ce zai kai a ɗan taɓa shi da wuta. Daga wata uwargida a Kofar Doka.

AMSA: Hajiya ki gaya masa da ya hau kwalta ya dawo da ƙaramar giyar zuwa 2H, wato jan tayoyin baya kaɗai, ya sauka ya murɗa makullan tayoyin gaba zuwa FREE in tasa tana da su. A ogzilari gaba da baya a ɗaure suke tare, a laka taya tana ɗan sulɓewa ta huce, a kwalta kuwa ba ta samun haka sai ƙarfin ya koma kan giya da farfela, ƙugin da kike ji kenan. In giyar ta ƙi fita ya ɗan yi ribas kaɗan za ta saki.

Tanki kuma don Allah ki hana shi. Ko an juye man an ɗauraye, tururin fetur yana nan a ciki, kuma shi ne yake fashewa da mai walda. Ya fara duba ko tiyo ne ko bakin geji ke ɗigar, sau da yawa nan ne. In jikin tankin ne ya huje ya nemi wani na Beljiyam ya sa.