Ta ce in sake ta, na nuna mata ƙofa: saki ya auku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni mazaunin Rigasa ne. Mun samu saɓani da mai ɗakina da daddare, har ta ce in sake ta. Ban ce uffan ba, sai na nuna mata ƙofa da hannu. Da gari ya waye ta tafi gidansu. Surukata ta ce ai saki ne, tunda ta roƙa na nuna mata hanya. Wallahi nufina ta ba ni wuri in huce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, shirun da ka yi ba shi zai fisshe ka ba, domin shari'a tana lissafa ishara cikin magana. Annabi Zakariyya ya yi kwana uku yana yi wa mutane nuni, kamar yadda ya zo a Ali Imrana aya ta 41. Nana Maryamu ta amsa tuhumar mutanenta da nuna jaririnta, a Suratu Maryam aya ta 29. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har murya ta tashi, Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ka'abu ishara da hannu ya yafe rabi, Ka'abu ya ce ya yafe. Dukiya ce ta sauka da motsin hannu. Imamul Bukhari ya ƙulla babi guda kan ishara a sha'anin saki.

Hanafiyya da Hanbaliyya, da Shafi'iyya a zancensu mafi inganci, sun keɓe wannan ga bebe. Mai baki sai ya furta. Malikiyya, mazhabar da kotunanmu na shari'a ke bi, ta fi tsanani: a littafinsa Mukhtasar, Shehu Halilu ya ce saki yana lizimta da ishara mai fahimtarwa, masu sharhi suka ce ko da daga mai iya magana ne.

To, nan ne gizo ke saƙa. Mai fahimtarwa ita ce wadda duk wanda ya gani zai yanke cewa saki ake nufi, ba tare da ya tambaya ba, kuma al'adar mutanen wuri ce ma'auni. Mai Keke a Kawo ya ɗaga yatsu biyu, kowa ya san saura mutum biyu. Dunƙule hannu a ɗaga wa sarki jinjina ce, buɗe yatsu biyar a fuskar mutum daƙuwa ce. Nuna ƙofa fa? Uba yana yi wa ɗansa, mai shago yana yi wa yaronsa, ma'anarsa a wurin Bahaushe "fita ka ba ni wuri". Abin da ya ba surukarka hujja shi ne nunin ya biyo bayan roƙon saki, kuma ban raina fahimtarta ba. Sai dai wannan bai wuce zato ba, igiyar aure kuwa tabbatacciya ce, ba a tsinka ta da kokwanto.

Don haka abin da nake gani, bisa yadda ka ba da labari, saki bai auku ba, matarka ce. Da ta ce "ka sake ni?" ka gyaɗa kai, ko aka ce "saki nawa?" ka ɗaga yatsa ɗaya, da saki ya tabbata, ko da ka rantse ba ka buɗe baki ba.

Bakinka kaɗai na ji. In matar ko waliyyinta suna da wani bayani daban, ku je gaban alƙali ya saurari kowa, hukuncinsa ke yanke saɓani. Kafin nan ka nemi dattijo ya raka ka biko, ka ba ta haƙuri, domin nuna wa mace ƙofa da tsakar dare wulaƙanci ne. Ko da sakin ne ma, aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta tana cikin idda.

Wallahu a'alam.