Ina son barin giya, a ina zan samu taron masu taimakon juna?

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Gusau, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na koyi shan giya lokacin da nake tuƙin mota zuwa Kudu, yau shekara tara ke nan. Sau uku ina rantsuwa na bari, bayan kwana biyu sai jikina ya ɗauki rawa, in koma. Na ji an ce akwai taron da masu son bari suke yi. Ina zan same shi, kuma yaya zan je ba tare da asirina ya tonu ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Kafin maganar taro, rawar jikin nan ce ta fi tsaya mini a rai. Kada ka ɗauke ta raunin imani. Jikin da ya shekara tara yana karɓar giya ya saba da ita, idan aka yanke masa kwatsam sai ya yi bore. Yakan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe: hannu na karkarwa har kofin shayi ya gagara kaiwa baki, ga zufa, ga tashin zuciya, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na uku wani yakan rikice, ya riƙa ganin ƙwari suna bin bango, kuma wannan matakin yana kisa. Sau da yawa a nan ne dangi suke cewa iska ce, a tafi wajen mai ruƙiyya, alhali gadon asibiti mutumin yake buƙata. Don haka kada ka sake yankewa kai kaɗai a ɗaki. Je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ka gaya wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha. Akwai maganin da ke kwantar da wannan boren, ana kuma haɗawa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Na fahimci tsoronka. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 giya ta zama abin ɓoyo, kuma ba za ka ga allo a bakin titi an rubuta "taron mashaya" ba. Sai dai likita ba ɗan Hisba ba ne. Rufa asirin majinyaci yana cikin ƙa'idar aikinsa, kuma ƙofar taron ma galibi daga wajensa take. Ka tambaye shi, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin, ko suna haɗa masu irin larurarka su zauna tare. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara, da layin kira kyauta da ta buɗe a 2022.

Irin wannan taron ya samo asali ne a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya ɗanɗana irin azabarka tana hana ka komawa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta fito. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken suna, abin da aka faɗa a zaure kuma a zaure yake tsayawa. Suna da taruka ta Zoom dare da rana, yawanci da Turanci; da wayarka da abin sawa a kunne za ka iya shiga, a yawancinsu ka rufe kyamara ka saurara kawai. Idan zuciyarka tana ɗar-ɗar ta fuskar addini, Musulmin Baltimore sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989, bisa Alƙur'ani da sunna.

Ranar farko ba wanda zai tilasta maka magana. Za ka ji wani yana ba da labarin yadda ya ɓoye kwalba a buhun masara, ko yadda ya cinye kuɗin makarantar ɗansa, sai ka ji kamar kai ake karantawa. Ni a ganina wannan ne maganin da ba a sayarwa a kemis. Kada ka yanke hukunci daga zama ɗaya, ka je kamar sau shida. Ka kuma nemi lambar wanda ya daɗe da bari, wanda za ka kira da magariba, lokacin da ƙafa take neman hanyar da ta saba.

In kuma ba ka samu taro kusa ba, ka tuna da mutum biyu aka fara. Ka roƙi likitanka ya haɗa ka da wani da ya yarda, ku tsayar da rana ɗaya a mako. Idan ka zame ka sha, kada kunya ta hana ka zuwa zama na gaba. An sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda giya, da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Uwargida kuwa, da wuya a ce ba ta sani ba. Ka gaya mata ranar da za ka je asibiti, ko ka tafi da ɗan'uwa ɗaya da ka amince da shi, domin kwana ukun farko suna buƙatar mai jinya a kusa.