Jirgin yana Connecticut, mu muna Florida: tirela ko teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni Bakano ne mazaunin Jacksonville a jihar Florida. Ni da abokaina biyu mun haɗa kuɗi mun sayi jirgin ruwa na hannu mai injin dizal, tsawonsa ƙafa 38, faɗinsa 13. Yana can Connecticut, ga shi Disamba ta kama. Kuɗin da masu tirela suka faɗa sai da ya sa muka yi shiru. Ɗayanmu ya ce ai jirgi don ruwa aka yi shi, mu ɗauki hutun mako biyu a Janairu mu tuƙo abinmu. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa abokin arziki ne. Amma ɗan'uwa, ka gaya wa abokin nan naka ruwa ba sa'an kwando ba ne, balle tekun Atlantika a Janairu.

Mako biyun ma ba zai isa ba. Daga Norfolk a jihar Virginia, inda ake fara ƙirga mil na hanyar ruwan cikin gaɓa da ake kira Intracoastal Waterway, zuwa Jacksonville ya haura mil 700. Kafin ku kai Norfolk ɗin sai kun ratsa New York, kun gangara gaɓar New Jersey, kun haura mashigin Delaware, kun bi magudanar da ta haɗa shi da mashigin Chesapeake, sannan kun gangara Chesapeake ɗin. Jimilla ta wuce mil 1,200. Mai irin jirginku idan ya ci mil 50 a wuni ya yi ƙoƙari, domin a wannan lokaci hasken rana a wajen New York awa tara zuwa goma ne kawai, kuma baƙo ba ya tuƙin dare a ruwan da bai sani ba. Kwana 24 ke nan, idan iska ba ta zaunar da ku ko sau ɗaya ba. Za ta kuwa zaunar da ku.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne New Jersey. Daga Sandy Hook zuwa Manasquan babu hanyar ciki, dole a fita buɗaɗɗen teku, kuma jiragen da ke da zurfin ciki galibi a waje suke ci gaba har Cape May. Sanyin ruwan wurin a tsakiyar hunturu yakan sauka wajen digiri 5 a ma'aunin Celsius. Wanda ya zame ya faɗa, cikin 'yan mintoci hannunsa zai daina riƙe igiya. Wannan ba hunturun Kano ba ne da ake kora shi da rigar sanyi da shayi.

Sai kuma abin da masu sabon saye ba sa lissafawa: ba ku san jirgin ba tukuna. Na taɓa raka wani aboki ɗauko nasa a ƙarshen Nuwamba. A tasha injin yana kaɗawa lafiya ƙalau. Da muka fita igiyar ruwa ta fara jijjiga mu, sai dattin da ya shekara kwance a gindin tankin mai ya motsa ya toshe matata, injin ya yi tari biyu ya mutu. Da muka kwance matatar, baƙa ƙirin take kamar gindin tukunya, ga yatsu sun sandare ba sa iya juya sifana. Da aka ja mu zuwa wata ƙaramar tasha, katakon gadarta duk ƙanƙara, an rufe famfon ruwa tun Oktoba, mai sayar da mai kuma sai an kira shi a waya. Haka yawancin tashoshin arewa suke a hunturu. Ku duba takardar inshorarku ma: da yawa suna ƙunshe da sharaɗin cewa jirgi zai kasance a ajiye na wasu watannin sanyi, wanda ya fita da shi a lokacin ya fita da kansa.

Idan dole ne jirgin ya iso yanzu, to tirela. Kwana biyu zuwa huɗu ne a kan titi. Tsadar kuma tana da dalili: a Amurka abin da ya wuce faɗin ƙafa 8 da rabi sai da takardar izini, kowace jiha da tata, ku kuwa jihohi kusan goma za a ratsa da naku. Da yake ya haura ƙafa 12, jihohi da dama za su ce sai da motar rakiya, kuma galibi da rana kawai ake tafiya.

Amma tsayi ne ke cin kuɗi a ɓoye. Iyakar da aka saba a jihohin gabas ƙafa 13 da inci 6 ce, daga kwalta har ƙololuwa, har da tsayin tirelar kanta. Idan jirginku mai ɗakin tuƙi ne a sama, kusan tabbas sai an kwance shi an ɗora daban, a can kuma a mayar. Aikin bakanike ne na kwanaki, ba ya cikin kuɗin direba, haka ma injin da zai ɗaga jirgin a tashar farko da wanda zai sauke shi a ta biyu. Kada ku dogara da awon da ke cikin takardar mai sayarwa, a sa tef a auna. Kafin a cire waya ko ɗaya, a ɗaura mata lamba a ɗauki hoto. Ku tambayi wanda kuke ciniki da shi ko motarsa ce ko dillali ne, ku karɓi lambarsa ta USDOT, wato lambar rajistarsa a ma'aikatar sufuri ta Amurka, da shaidar inshorar kaya a rubuce. A zubar da ruwan tankuna a zuba maganin daskarewa a injin, don daren farko cikin ƙanƙara zai kwana. Da ya sauka a wanke gishirin titi.

Ni dai da nawa ne, ba zan taɓa shi ba sai bazara. A Disamba akwai yiwuwar an riga an fito da shi tudu an naɗe da leda. Ku biya kuɗin ajiya, ku je a ƙarshen Afrilu ku yi mako guda kuna gwada shi kusa da tasha, ku sauya matatu, sannan ku kamo hanya tare da matuƙin da ya san ta, ku iso gida kafin lokacin guguwa da ke farawa 1 ga Yuni.

Tambaya: Malam, nawa yana Buffalo a bakin tafkin Erie, ina so in kai shi birnin New York kafin sabuwar shekara. Zan iya bi ta ruwa?

Amsa: Ranka ya daɗe, babu hanya. Magudanar Erie, wadda aka buɗe tun 1825 ta haɗa Buffalo da kogin Hudson, ana rufe ta ne da kaka, sai Mayu a sake buɗewa. Ko tirela ko jira. Idan faɗinsa bai wuce ƙafa 8 da rabi ba kuma kana da motar da za ta iya jan nauyinsa, ka ja abinka da kanka.