Tambaya da Amsa: Yaya Ake Neman Ragi a Wurin Dilan Kayan Aiki Masu Tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, ina da gareji da yaran da suke koyon aiki a hannuna. Na gaji da sifanonin da bakinsu ke buɗewa su cinye kan noti, saboda haka na tara kuɗi na je wurin wani dila mai kawo kayan Jamus, ina son saitin sifana da soket na Gedore da filaya biyu na Knipex. Da ya faɗi kuɗi sai na taya kamar yadda muka saba, na fara daga rabi. Ya ce albarka, ya ƙara da cewa kamfani ne ya yanke farashi, ba shi da ikon rage ko sisi. Amma a wani shagon na ga kaya masu suna iri ɗaya a ƙasa da rabin kuɗin. Shin gaskiya dilan ya gaya mini, ko ya ga ina so ne kawai? Kuma ta wace hanya mutum zai nemi ragi a irin wannan wuri ba tare da ya zubar da girmansa ba? (Mai karatu daga Kaduna)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara albarka a sana'a. Shawarar da ka yanke ta sayen kayan ƙwarai daidai ce, domin sifanar da ta cinye kan noti a cikin injin mota tana jawo asarar wuni guda, wani lokaci har da zubewar mutunci a idon mai mota.

Maganar dilan tana da asali, amma ya faɗe ta fiye da yadda take. A Amurka kamfanoni da yawa suna hana dilolinsu tallata kaya a ƙasa da wani farashi da suka ƙayyade, ko da yake abin da aka yi ciniki a cikin shago yakan iya sauka ƙasa da haka. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda Gedore na garin Remscheid da Knipex na garin Wuppertal suke, doka ta hana kamfani tilasta wa dila mafi ƙarancin farashin da zai sayar, abin da kamfani ke bugawa a kundin kayansa shawara ce kawai. A Najeriya ma dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta soke duk sharaɗin da ya ɗaure ɗan kasuwa a kan mafi ƙarancin farashin sayarwa. Ke nan dilan yana da ikon ragewa idan ya ga dama. Sai dai ina roƙonka kada ka shiga shagonsa da maganar doka a bakinka, domin dokar ba ta tilasta masa ya rage maka ba, kayansa ne, kuma abin da ya ɗaure masa hannu a zahiri shi ne uwar kuɗi.

Wannan mutumin da yuro ko dala ya sayi kayan, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, ga hayar shago da albashin yara. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma diloli da yawa sun sayar da kaya suna ganin sun ci riba, da suka je sarin wasu sai kuɗin bai isa ba. Daga nan suka koyi sa farashi bisa abin da za su kashe wajen sake saro kayan, ba bisa abin da suka saya da ba. Ƙari a kan haka, kaya masu tsada ba sa gudu. Sifana mai araha tana fita kullum, amma saitin Jamus yana iya yin watanni a cikin gilashi, kuɗin mai shago yana kwance.

Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce kayan sun tsaya masa a naira 80,000 har zuwa shago, ya sa musu 100,000. Idan ya rage maka kashi goma cikin ɗari, a wurinka naira 10,000 ce kacal, a wurinsa kuwa rabin ribarsa ce ta tafi. Da ka taya 50,000, abin da ya ji shi ne ko ba ka san kayan ba, ko ba saye ka zo yi ba, kuma duk wanda ya ɗauka daga cikin biyun zai rufe ƙofar ciniki da wannan magana ta kamfani. Tayin rabi ya dace da kayan da aka ninka musu kuɗi tun farko don a bar wurin ciniki, kayan dila na gaskiya kuwa ba a cika yi musu irin wannan ninkin ba.

Ragin da ake samu a irin wannan shago shi ne wanda ka kawo wani abu a madadinsa, abin da zai rage wa dilan wahala ko ya dawo masa da kuɗinsa da wuri. Ka fara da takarda. Rubuta duk abin da kake so tare da lambar kowane ɗaya kamar yadda take a kundin kamfani. Filayar Knipex Cobra mai tsawon milimita 250, misali, lambarta 87 01 250. Mutumin da ya zo da lamba ya nuna ya san abin da yake nema, kuma ba za a iya musanya masa da wani abu mai kama da shi ba. Da wannan takardar ka nemi farashin jimla daga diloli biyu ko uku, a Kaduna da Kano da Abuja ko Legas, ta waya ma ya isa. Idan wani ya ba ka ƙasa, ka faɗa kamar yadda yake, kada ka ƙirƙiri farashin da ba a ba ka ba, domin ha'inci ne, kuma dilolin nan sun san juna, sau da yawa ma hannu ɗaya ne yake kawo musu kaya.

Sannan ka nemi mai shago da kansa, domin yaron kanti ba shi da ikon sallamawa, kuma ka zo lokacin da babu cunkoso, tunda ba zai so ya rage maka a gaban wasu masu saye ba. Bayan gaisuwa ka miƙa takardar ka ce, “Alhaji, duka waɗannan nake so a lokaci ɗaya, kuɗi a hannu, yau zan biya. Nawa za ka sallama mini gaba ɗaya?” Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya yi lissafinsa. Idan takardar taka ta yi ƙanƙanta, ka haɗa kai da abokan sana'a, ko a garejinku ko ta reshen ƙungiyar makanikai ta NATA, ku saya tare, domin mai ɗaukar kwali guda ana yi masa farashin sari. Ka kuma sani cewa ragi da bashi ba sa haɗuwa. Wanda ya nemi a jira shi wata biyu ya riga ya karɓi nasa rangwamen.

Idan farashi ya ƙi motsi, ka koma kan gyara. Dila ya fi sauƙin ƙara maka sukundireba ko soket ɗaya a kan ya cire kuɗi, saboda abin da ya ba ka a farashin sari ya tsaya masa, kai kuma da farashin kanti za ka saye shi. Ka tambaye shi ko akwai tsohon kaya da ya shigo tun kafin dala ta tashi, ko wanda kwalinsa ya yage, ko wanda aka ajiye don nuni, ko saitin da ƙwaya ɗaya ta ɓace a ciki. Ƙarfen ɗaya ne, kuma irin waɗannan ne yake neman rabuwa da su. Abin da na fi so ka dage a kansa fiye da duk wannan shi ne a rubuta a jikin rasit, da lambar kaya da kwanan wata, cewa idan abu ya tsage ko ya karye a aikin da aka yi shi dominsa za a canza maka. A wurin mai sana'a wannan rubutun ya fi ragin kashi biyar amfani nesa ba kusa ba, matuƙar dai ba ka zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi ba, wanda babu garantin da yake ɗaukarsa.

Akwai kuma ragin da kai za ka yi wa kanka. Motocin Japan da suka cika garejinmu sun fi cin lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19, na Jamus kuma suna yawan neman 13 da 16 da 18. Ka lissafa kuɗin lambobin da hannunka ke taɓawa kullum idan an saye su ɗai-ɗai, ka gwada da kuɗin cikakken saiti. Idan tazarar tana da yawa, ka sayi na ƙwarai a waɗannan lambobi, sauran ka cike da matsakaita.

Game da shagon da ka ga kaya a ƙasa da rabin kuɗi, araha ba ta ado, amma kada ka yanke hukunci kafin ka duba. Yana iya zama gwanjo, yana iya zama layi mai sauƙin kuɗi na kamfanin, kamar Gedore red wanda farashinsa bai kai na babban layin Gedore mai launin shuɗi ba, yana kuma iya zama jabu. Ka ɗauki filayar ka rufe bakinta ka ɗaga ta sama ta fuskar haske, ka ga ko haƙoran sun haɗu daidai, ka girgiza hannuwanta ka ji ko mahaɗar tana rawa, ka duba rubutun jikinta ko ya fito tsaf da lambar da ta dace da kundin kamfani. Ka je da sabon noti a aljihu, ka sa masa sifana ka ji yadda ta zauna. Idan mai kayan ya hana ka gwadawa, ko ya ƙi rubuta suna da lamba a rasit, ka bar masa kayansa.

TAMBAYA: Ina aikin wayarin ɗin gidaje. Wani ɗan kasuwa ya ce zai rage mini sosai a kan filaya da sukundirebobi masu rufin kariya daga wuta idan na yarda ba rasit, ya ce canjin kuɗi ne ya sa na wurin dila suka yi tsada. In karɓa? (Mai karatu daga Damagaram)

AMSA: Kada ka karɓa, ɗan'uwa. Kayan aikin lantarki na gaskiya suna ɗauke da alamar 1000 V da lambar ƙa'idar IEC 60900, kuma kowane ɗaya ana gwada shi da ƙarfin wuta na volt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Jabu yana iya kwaikwayon launin ja da rawaya da rubutun duka, amma ido ba ya iya gane ko robar za ta tare wuta, saboda haka rasit ɗin dilan da aka sani shi ne kaɗai shaidar da kake da ita a kan abin da za ka riƙe waya mai wuta da shi. Hujjar canji ma ba ta da ƙarfi a wurinku idan kayan Turai ne, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, sai dai ya yi maganar kuɗin sufuri da na kwastan, waɗanda suna iya hawa da gaske. Ka koma wurin dila, ka rage yawan abin da za ka saya zuwa filaya ɗaya da abin yanke waya da sukundirebobin da ka fi amfani da su, ka nemi farashin jimla a kansu, sauran ka ƙara idan aiki na gaba ya biya.