Tambaya da Amsa: Malafar Gashi ta Dauri da Tsofaffin Motoci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata tsohuwar malafa a wurin mai gwanjo, a cikinta an rubuta Borsalino. Mai kayan ya ce ta gashin zomo ce, kuma ya tsuga kuɗi. Yaya zan bambance ta gashi da ta ulu, kuma me zan duba kafin in biya? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunan da ka gani babba ne. Giuseppe Borsalino ya kafa masana'antarsa a garin Alessandria na Italiya a 1857, kuma har yau ana yin malafa a can. Amma kada suna ya ɗauke maka hankali, domin shafin ciki mai ɗauke da tambari ana iya cire shi daga wata malafa a liƙa wa wata. Hannunka ne zai gaya maka gaskiya.

Irin wannan malafa ba saƙa ta ake yi ba, gashi ake barbazawa a kan mazubi, a yi ta matsa shi da ruwan zafi da tururi har ya sarƙe ya zama abu guda. Gashin zomo da na bíba, wata dabbar ruwa ta Arewacin Amurka da Turai, siriri ne ƙwarai, shi ya sa yake kamuwa tsam. Ka shafa bakin malafar tsakanin yatsa biyu. Ta gashi za ka ji ta sumul, marar kauri, marar nauyi, in ka lanƙwasa ta sai ta koma yadda take. Ta ulun tumaki kuwa tana da kauri da ɗan kaushi, in ka lanƙwasa ta tana yin tauri kamar kwali. Wanda ya taɓa riƙe jar dara ya san yadda matsattsen ulu yake a hannu, to ta gashi ta fi wannan laushi nesa ba kusa ba.

Daga nan ka ɗaga ta sama ka leƙa cikinta ta fuskar rana. Duk inda haske ya ratso, asu ya ci wurin. Ka duba ƙarƙashin ƙyallen da ya zagaye ƙoƙon, wato tudun da kai yake shiga, nan asu ya fi son ɓuya. Ka duba goshin ƙoƙon, inda ake kamawa da yatsu, domin nan ne gashi yake fara tsagewa, kuma tsagar wurin ba ta gyaruwa. Sai fatar ciki mai tare gumi: ka juyo ta a hankali, in ta yi ƙas-ƙas tana farfashewa ko zaren ɗinkinta yana tsinkewa, ka san akwai kuɗin gyara a gabanka, ka rage daga farashi. Ƙura da lanƙwasa ba komai ba ne, suna fita. Rami da tsaga su ne abin gudu.

Tambaya: A jikin fatar malafar mahaifina an buga 7 1/8. Me wannan lamba take nufi? Ni tana matse mini kai. *Mai karatu daga Damagaram*

Amsa: Awon Amurka ne, kuma 7 1/8 daidai yake da kai mai zagayen santimita 57. Lamba 7 ita ce 56, 7 1/4 ita ce 58, 7 3/8 ita ce 59, 7 1/2 kuma 60. Awon Ingila yana ƙasa da wannan da mataki ɗaya, wato 7 ta Ingila ita ce 57. Ka karɓi tef ɗin tela ka zagaya kanka, kamar yatsa ɗaya sama da gira da kunnuwa. Ka kuma sani tsohuwar malafa takan tsuke, saboda fatar ciki tana motsewa da shekaru. Ana iya buɗa ta da katakon buɗa malafa mai juyi a tsakiya, kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku, amma kada ka nemi fiye da santimita ɗaya. In ka matsa, ɗinki zai ɓalle ko bakin ya karkace. Wadda ta yi yawa ta fi sauƙi: a cusa siririn ƙyalle mai kauri a bayan fatar.

Tambaya: Ina da malafar Stetson mai ruwan toka. Ta sha ƙura, ƙoƙonta ya lotsa, ga tabon maiƙo a gaba. Matata ta ce a kai wa mai wanki da guga. Ku ba ni shawara. *Mai karatu daga Kaduna*

Amsa: Alhaji, a gaida Hajiya, amma wannan karon kada a bi shawararta. Ruwan sabulu da cuɗa da dutsen guga su ne ainihin abubuwan da ke sa gashi ya ƙara tsukewa, kuma malafar da ta tsuke ta wannan hanya ba ta dawowa. Aikin na gida ne, haƙuri kawai yake so.

Da ƙura za ka fara, malafar tana bushe. In ka sa mata tururi da ƙura a jikinta, ƙurar za ta zama laka ta shige cikin gashi. Ka nemi buroshi mai laushi na gashin doki, sabo, wanda bai taɓa ganin man takalmi ba. Ka shafa da hannu ka ji inda gashin ya kwanta. A yawancin malafu, in kana kallon ta daga sama, kwanciyarsa saɓanin tafiyar hannun agogo take. Ka bi wannan kwanciya daga ƙoƙo zuwa baki, da gajerun shara. Mai malafu da yawa ya ware buroshi ɗaya na masu haske, ɗaya na masu duhu, in ba haka ba baƙin gashi zai hau kan mai ruwan toka.

Tabon maiƙo kuma, ka barbaɗa masa garin sitacin masara ko hodar jarirai, kamar cokalin shayi ɗaya, ka danna da yatsa a hankali ba tare da gogawa ba, ka bar shi ya kwana. Da safe ka kakkaɓe ka share. Sau biyu ko uku ake maimaitawa kafin a ga bambanci. Tabon da ya daɗe, wanda gumi da man kai suka ratso daga ciki har suka ɓata ƙyalle, ba ya jin wannan magani sosai. Masu sana'ar a Turai da Amurka suna tsoma irinsa cikin wani sinadari mai kama wuta, kuma ba ma ba kowa shawarar gwada wannan a gida. Fetur da kananzir kam kada ma su zo kusa.

Yanzu sai lotsawar. A cikin gashin akwai wani ɗanko da aka sa tun a masana'anta don ya riƙe siffa. Tururi yana tausasa shi, in ya huce ya sake ƙagewa. Ka tafasa ruwa a butar shayi har tururi ya fito sosai ta bakinta. Ka riƙe wurin da ya lotsa nesa da bakin butar kamar santimita 15 zuwa 20, na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka janye, ka tura da yatsu daga ciki, ka riƙe siffar har ya huce. Ka wanke hannu tukuna. Wuri ɗaya-ɗaya ake bi, ba a jiƙa malafa gaba ɗaya. Babban kuskuren da ake yi shi ne barin tururi ya bugi fatar ciki. Cikin ƙiftawar ido za ta ƙanƙance ta yi tauri, shi ke nan sai canji. Saboda haka daga waje ake turara malafa, ba daga ciki ba.

In fatar ta riga ta mutu, baduku mai hannu zai iya yanko wata daga fatar akuya ko ta tunkiya mai laushi, faɗin santimita 4 zuwa 5, ya ɗinke ta inda ƙyallen waje zai rufe ɗinkin. A zaɓi wadda ba ta zuba: a jiƙa farin ƙyalle a goga mata, in rini ya fito a ajiye ta, don gumi zai kwaso shi zuwa goshinka da jikin malafar.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai tara malafun dauri ya sani. A da ana gyara gashin zomo da sinadarin zaiba, abin da ya jawo wa ma'aikatan garin Danbury na Amurka ciwon makyarkyata, har aka hana amfani da shi a Amurka a 1941. In kana zaton malafarka ta girmi wannan lokaci, ka turara ta a fili inda iska ke kaɗawa, kada kuma ka bar ta a hannun yara. Kamfanin John B. Stetson ya fara aiki a Philadelphia tun 1865, don haka akwai malafunsa na kafin hanin da na bayansa.

Tambaya: A ina ya fi dacewa in ajiye malafu? Uku daga cikin nawa asu ya huda. *Wata mai karatu daga Kumasi*

Amsa: Hajiya, ba asun da ke tashi ne yake ci ba, tsutsarsa ce, kuma gumi da duhu take bi. Ki share kowace malafa, ki sa ta a leda ki ɗaure, ki saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako biyu, muddin wuta ba ta yawan ɗaukewa. In kin fitar, ki bar ta cikin ledar kwana ɗaya kafin ki buɗe, don raɓa ta tsaya a kan leda. Bayan haka kada ta zauna a leda, musamman a garinku mai laima, fumfuna za ta kama ta. Akwatin kwali ya fi, a kife ta a kan ƙoƙonta baki yana sama. Kafur a ɗaure shi a ƙyalle a kusurwar akwati, kada ya taɓa gashin. In ruwan sama ya dake ta, a juyo fatar ciki waje, a tsayar da malafar a kan fatar a inuwa ta bushe da kanta.

Tambaya: Na lura a hotunan da, duk mai mota yana sanye da malafa. Ni kuwa in na shiga motata da ita sai ta riƙa dungurar rufi. Wace tsohuwar mota ce ta dace da mai malafa, kuma me zan duba in zan saya? *Mai karatu daga Jos*

Amsa: Ka lura da gaskiya, ɗan'uwa. Motocin shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1950 dogaye ne, mutum yana zaune a miƙe kamar a kujerar falo. K. T. Keller, wanda ya shugabanci kamfanin Chrysler daga 1935 zuwa 1950, ya yi suna wajen nacewa a bar rufi da tsawon da mutum zai tuƙa da malafarsa a ka. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka shiga yayin mota mai kwanciya ƙasa, rufi ya sauko, mutane kuma suka koma rayuwa daga gida sai mota sai ofis. Wannan yana cikin dalilan da suka kashe kasuwar malafa, har Stetson ya rufe babbar masana'antarsa ta Philadelphia a 1971.

A nan gida, abin da hannu zai iya kaiwa shi ne Peugeot 404 da 504, da Volkswagen Beetle, da Marsandi samfurin W123 wadda aka fara sayarwa a 1976. Ita 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har yanzu akwai tsofaffin kanikawa da suka san ta ciki da bai. A ganinmu wannan ya fi komai muhimmanci ga mai farawa. Beetle tana da rufi mai tudu, tana karɓar malafa fiye da yadda girmanta ya nuna. Ko wacce ce, ka tafi da malafarka ka zauna a ciki, ka juya kai hagu da dama. Malafa mai gajeren baki irin ta shekarun 1960, wadda bakinta bai kai santimita 5 ba, ta fi mai faɗin baki ta shekarun 1940 daɗin tuƙi, don ba ta dukan majinginar kai.

Wajen saye, tsatsa ita ce gaba da inji. Inji ana sauke shi a gyara, ruɓaɓɓen bodi kuwa rami ne na kuɗi. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen motar, da gindin ƙofofi, da mazaunin batir, da wuraren da ake kafa jak. Ka bi jikin da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle, inda ya ƙi kamawa an cike wurin da fila. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga kumfa mai launin shayi da madara, akwai alamar ruwa yana haɗuwa da mai, galibi daga gaskit.

Motar da ta shekara da shekaru a ajiye ba a tayar da ita kai tsaye. A zubar da tsohon fetur, a canza baƙin mai, a kwance fulogogi a ɗiga ɗan mai a kowane rami a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana a ji yana tafiya. A canza tiyon mai da na birki, domin roba tana ruɓewa daga ciki ko da wajenta yana da kyau. Man birki yana shan ruwa daga iska, duk shekara biyu ake sabunta shi. Taya kuma a karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. In lambobi uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000, a cire ta ko da zanenta bai goge ba. Mai Beetle ya riƙe cewa iska ce ke sanyaya injinsa, ba shi da lagireto. Mansa lita biyu da rabi ne, ana canzawa duk kilomita 5,000, kuma a lokacin ake saita bawul a kan milimita 0.15 inji yana sanyi. In fanbel ya tsinke a tsaya nan take, don shi ke juya fankar sanyaya injin.

Tambaya: Zan iya barin malafa a bayan kujera kusa da gilas don ado? *Mai karatu daga Maradi*

Amsa: A'a, Malam. Motar da aka rufe a rana da bazara cikinta yana iya wuce digiri 60, kuma bayan gilas ya fi ko'ina zafi. Wuni ɗaya ya isa fatar ciki ta tsuke, ɗankon gashin ya saki baki ya karkace, gefen da ke kallon rana kuma ya koɗe. In za ka fita ka ɗauke ta. In tafiya ce mai nisa, ka kife ta a kan ƙoƙonta cikin akwatinta a ƙasan kujerar baya. Mai mota marar rufi ya duba jikin ƙyallen malafarsa: wasu na dauri suna da siririn zare mai maɓalli da ya zagaye ƙoƙon, ana kwance shi a maƙala a ramin maɓallin kwat don iska kada ta tafi da ita. In babu wannan zare, hula marar baki ta fi dacewa da tuƙi, malafar kuma a sa ta bayan an isa.