Filin Tambayoyin Mota: fambel na ƙara da safe, a canza ko a ɗiga masa mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da Corolla ƙirar 2005, kwana biyun nan duk safiya in na tada ta sai in ji wata ƙara ƙiiiii daga gaba, in na kunna esi ko na murza sitiyari har ƙarshe sai ta ƙaru, in mota ta ɗau zafi kuma ta yi shiru. Yaron gareji ya ɗiga mata man birki ta daina, ba a yi sati ba ta dawo har ta fi da. Yanzu ya ce sai an canza fambel. Dan Allah in canza ne, kuma wane iri zan saya? Wai kuma da gaske in ya tsinke inji bugawa yake? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Man birkin nan dai dan Allah kar a sake, haka baƙin mai ko giris da wasu ke shafawa. Bel roba ne, aikinsa ya kama fuli, wato ɗan wilin da yake hawa, gam ya juya shi, to in ka sa masa abu mai santsi ƙarar ce kawai ka rufe, shi kuwa sai ya ƙara zamewa ya kwashi ƙura, robar ta lalace. Bel ɗin da ya sha mai ya gama aiki, canza shi za ka yi.

Amma kafin ka ciro kuɗi ka gane wani abu. Injin Corollarka, wanda ake ce wa 1ZZ, bel ɗaya ne dogo yake zagaye komai, shi ke juya altaneta mai cajin batir, shi ke juya famfon ruwa, da famfon fawa sitiyari, da kwamfiresan esi. Kuma ba da hannu ake ɗaure shi ba, akwai tenshona da ke danne shi da kansa. To sau da yawa ba bel ɗin ne ya fara gajiya ba, tenshonan ne ya saki, shi ya sa za ka ga mutum ya sa sabon bel dal, bayan wata ɗaya ƙarar ta dawo ya ce an sayar masa da jabu, alhali ba a taɓa ainihin ciwon ba. Don haka ranar aikin ka tsaya a wurin da kanka, in an cire tsohon bel ka ce wa bakaniken ya juya kowane fuli da hannu kana gani. Mai lafiya zai juya sumul ba motsi, wanda boris ɗinsa ya mutu za ka ji yana ƙurrr ko yana girgiza gefe da gefe. A duba tenshonan ko yana yoyon mai ko ya yi laushi, a duba bakin famfon ruwa ko akwai ɗigo, a kuma leƙa ko baƙin mai na zubowa daga inji kan bel, don in akwai yoyo sabon ma haka zai bi.

Wajen saye kuma, kar ka ce a ba ka na Corolla kawai. A bayan bel akwai lamba, za ka ga ta fara da 6PK sai lambobi huɗu, 6 ɗin yawan layukan da ke cikinsa ne, lambobi huɗun tsawonsa ne a milimita. Ka ɗauki hotonta a waya, ko ka tafi da tsohon bel ɗin kasuwa a gwada. Ka nemi irin su Bando, Mitsuboshi, Gates ko Dayco, kuma a shagon da ka yarda da shi don jabun su ma sun cika gari. Ni dai bel ɗan Beljiyam ban yarda da shi ba ko kaɗan, wasu kayan ƙarfe na hannu sun fi sabo, amma roba da ba ka san shekarunta ba asarar kuɗi ce. Wani abu kuma, belolin yanzu ba sa tsattsagewa kamar na da, sai ka ga bayansa fes amma layukan ciki sun cinye, ya yi ƙyalli, don haka rashin tsaga ba shaidar lafiya ba ce. Mai kyau yakan kai wajen kilomita 100,000, sai dai da zafinmu da ƙurar hunturu gara a riƙa leƙa shi duk lokacin juyen mai.

Aikin kansa ba dogo ba ne. A kashe mota a zare makulli, a ɗauki hoton yadda bel ɗin ya bi kafin a cire, wannan kam kar a yi wasa da shi, don in an karkata hanyar bel ɗin, famfon ruwa zai iya juyawa baya. Sifana 19 ake sa wa tenshona a danne shi a hankali, a zare tsoho a sa sabo, sannan a bi fuli ɗaya bayan ɗaya a tabbatar layukan sun zauna cikin raminsu, ko layi ɗaya ya hau gefe zai yage shi.

Maganar bugawar inji, an haɗa maka abu biyu ne. Taimin bel ne in ya tsinke a wasu injina yake lanƙwasa bawul, taka kuwa sarƙa ce da ita a ciki. Amma fambel ma in ya tsinke kana tafiya, fitilar batir za ta kawo, sitiyari ya yi tauri, famfon ruwa ya tsaya, cikin mintoci kaɗan allurar zafi ta hau. Nan take ka gangara gefe ka kashe. Masu cewa bari in lallaɓa in kai Kwangila su ne ke ƙona gasket, aikin 'yan dubbai ya koma sauke kan inji.

Tambaya: Malam tawa Camry ce 2.2 ƙirar 2000, an sa mata sabon bel, bakanike ya ɗaure shi tamau ya ce hakan ya fi, yanzu kuma wata ƙara nake ji kamar niƙa daga wajen altaneta. Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Hajiya ki koma da ita yau ɗin nan in da hali. Taki bel biyu ne a waje, kuma da hannu ake saita su, in aka matse fiye da kima boris ɗin altaneta ne ke shan wahala, ƙarar da kike ji kenan mai yiwuwa. A tsakiyar bel inda ya fi tsawo in kin danna da babban yatsa ya kamata ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya. A sassauta shi, in ƙarar ba ta tafi ba a kai wa mai wayarin ya canza boris ɗin, ba sai kin sayi altaneta sukutum ba.